Hukuncin Maraɗi da Na Ƙi Karɓa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Audu Mai Zuma, Birnin Gwari, zuwa ga ɗana Nasiru.

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya raba ka da sharrin hanya tun daga ƙofar gida har Funtuwa, Ya rufe idon mutanen daji daga motar da ka shiga, Ya wuce da kai Katsina da Jibiya lafiya, Ya sauke ka Maraɗi a hannun mutanen kirki. Ya sa aikin injinan ban-ruwa da za ka je yi ya zama sanadin arziki, ba sanadin baƙin ciki ba. Amin.

Na sa an cusa maka wannan takarda cikin jaka ne don abin da ke cikinta ba zan iya faɗarsa ina kallon idonka ba. Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malam Bitrus maƙwabcinmu, wanda ya koyar da kai a firamare, shi ke riƙe da alƙalami. Mun yi da shi ba zai gyara mini magana ba. Ya ce tun muna da baƙin gashi yake neman gyara ni bai iya ba, ba yau zai fara ba. To, duk inda ka ga magana ta karkace, tawa ce.

Kana da yaya a Maraɗi. Kun sha jin ƙishin-ƙishin, ba ƙarya ba ne. Ita ce 'yata ta fari, saboda haka sunanta ba zai fito daga bakina ba. Malam ya san shi, na ce ya sa shi a nan ba sai na furta ba: Rabi. Abin da nake so kafin a kai ni makwanci shi ne a ƙidaya ta cikin 'ya'yana, ita ma ta san an ƙidaya ta. Ni na jawo aka cire ta, kuma zan gaya maka yadda aka yi, don ƙasar da za ka taka ita ce ta kayar da ni, ba na so ta kayar da kai.

Ka san yadda nake a garin nan. In gardamar iyakar gona ta tashi, ni ake aikowa a kira. Na san wanda ya fara sarar dajin Kazage, na san kukar da ta raba gonar gidan wane da ta gidan wane a Dogon Dawa, na san wanda ya ara da wanda ya gada. Tun ina saurayi nake zama gindin tsofaffi ina kwashewa. Wannan sanin shi ya cuce ni. Na ɗauka abin da na sani gaskiya ne a ko'ina, kamar yadda zuma take zuma ko ina ka kai ta.

A wancan zamani amyoyin zumata sun cika dajin Kakangi. In na ɗebi zuma sai in ɗura a garwa in nufi Faransa, haka muke kiran Nijar a lokacin, su kuma suna ce mana mutanen Ingila. In sayar, in saro kanwa da dabino in dawo. A wani ƙauye da ake kira Rijiyar Bawa, kusa da tafkin Madarunfa, nake sauka. Can na ga Zainabu, can aka ɗaura mana aure a ƙofar gidan ubanta, da waliyyi da sadaki da shaidu, aka raba goro. Wannan tun kafin in san mahaifiyarku ne, Allah Ya ji ƙanta. Rani ina can, damina ina nan ina noma. Can aka haifi yayarka.

Wata shekara wan Zainabu, Ma'azu, ya biyo ni nan sayen masara. Muna hira ya ce yana da garka a bakin tafki, in ina so ya sayar mini, in riƙa noman albasa da rani in daina zaman banza a gidan surukai. Maganar ta shige ni. Na kai shi gaban mai unguwarmu na nan Birnin Gwari, na tara dattawa, aka yi ciniki, aka raba goro, aka shafa fatiha. Na koma can da fartanya a kafaɗa kamar gonar ubana.

Ban gama kunya ta farko ba sai ga 'yan'uwan Ma'azu, suka ce in ɗaga. Muka je gaban mai garinsu. Na kwashe labari tsaf, har sunayen dattawan da suka shaida. Tsohon ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam Audu, mai unguwar nan naku ya taɓa taka gonar?"

Na ce, "Bai taɓa ba."

"Ya san wa ke gabas da ita, wa ke yamma?"

Na ce, "Bai sani ba."

Ya ce, "To, ni ma bari in zauna nan in sayar wa wani kasuwar Birnin Gwari, mu gani ko za a ba shi."

Zaure ya ɗauki dariya. Na ce a garinmu in an raba goro magana ta zauna. Ya ce, "A garinku. Wannan ta gandu ce, ba mai sayar da ita shi kaɗai, kuma ba a sayar da ƙasar nan sai a gabana." Ni da ake kira in raba gardamar gona, ni aka koya wa abin da yaro ya sani.

Nasiru, ka riƙe wannan. Riga tana bin mai ita, akuya tana bin mai ita, ƙasa ba ta bin kowa. Gona, fili, gida, duk dokar inda suke ita ke kansu, ko a ina aka yi cinikin, ko su wa suka yi shi. In Allah Ya buɗa maka har ka yi sha'awar fili a can, kada ka saye shi a bakin wani a tasha, kada ka saye shi ta waya. Ka je ka taka, ka tambayi masu wurin wace hukuma ce ke shaida irin wannan ciniki a ƙasarsu, ka bi ta nan ko da ta fi tsawo.

Da na tsaya a asarar gona, da da sauƙi. Na koma gida ina huci, na sauke a kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Zainabu ta ce, "Malam, da ka tambaye ni ai da na gaya maka ta gandu ce. Kowa a garin nan ya sani." Gaskiyar ce ta ƙona ni. Na ce da ita aka haɗa baki. Na sake ta a tsaye, na ɗauki garwata na taho, yarinyar tana goye. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, ni kuwa ga mai ja mini sanda a cikin ɗaki na ƙi tambaya don ita mace ce, kuma don ni ne Audu. Kai dai ka tambaya. Tambayar ɗan gari ba ta rage wa baƙo tsawo.

Shekaru suka ɗan ja, sai na ji Zainabu ta yi wani aure. Nan ne na tuna ina da 'ya. Ban tuna da ita don kewa ba, Malam rubuta haka, na tuna da ita don kada a ce wani ƙato na ciyar da jinina. Na tafi kotun alƙali a nan, na kai ƙara. Na ce uwa ta yi aure, tana wata ƙasa, ina son 'yata. Alƙali ya tambaye ni ko uwar Zainabu na da rai, don in tana nan riƙo wurinta yake komawa. Na ce ban sani ba. Na sani. Da hannunta ta sha dama mini fura. Babu wanda ya kai sammaci Rijiyar Bawa, babu wanda ya zo ya ƙaryata ni. A kan abin da na faɗa aka ba ni takarda cewa a miƙa mini yarinya.

Na sa takardar cikin jakar fata na rataya kamar laya, na tsallaka. Gani nake da na ɗaga ta kowa zai durƙusa. Mai gari ya juya ta, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, in tafi Maraɗi. A can na sami alƙalinsu, wani siriri mai tabarau, da malamai biyu zaune gefensa saboda shari'ar aure da riƙo. Hausa muka yi, ba tafinta.

Ya ce, "An kira matar kafin a yanke wannan?"

Na ce, "Tana Faransa, wa zai kira ta?"

Ya ce, "Ai ga ka a Faransar. Kai da ka iya kawo hukunci, ka kasa kawo sammaci?"

Ɗaya daga cikin malaman ya sunkuyar da kai yana murmushi. Alƙalin ya ce ba su raina alƙalinmu ba, amma takardar wata ƙasa ba ta da ƙafa a ƙasarsu sai kotunsu ta duba ta ba ta. Kuma ba za su ba ta ba in wadda aka yanke wa ba ta ji ba, ba ta gani ba. Ya ce yarinya a nan take, uwarta a nan, kakarta a nan, saboda haka nan ne wurin shari'ar. In shigar da ƙara, a kira kowa, a saurare ni kamar yadda za a saurari ɗan ƙasa.

Wallahi hanya ce ya buɗe mini. Na ce, "An riga an yanke. Ba a yanka rago sau biyu." Na naɗe takardata na fita.

Sai bana na fahimci abin da mutumin nan yake gaya mini. Ladi 'yar Malam Bitrus, wadda take lauya a Kaduna, ta zo hutun Kirsimeti. Na same ta tana tsince wa uwarta shinkafa, na ce ina da tambaya a kan wani abokina da ya taɓa aure a Nijar. Ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, wannan abokin naka, shi ma zuma yake sayarwa?" Uban nata ya yi ta dariya har da tari. Yanzu ma da yake rubutawa dariyar yake.

Ta ce abin da ya same ni karatu ne guda a makarantarsu. Duk rigimar da ƙafarta ɗaya ke wannan ƙasa ɗaya ke waccan, ba a fara tambayar wa ke da gaskiya. Ana fara tambayar wace kotu ce ke da hurumin saurare, kuma yawanci ita ce ta inda wanda ake ƙara yake zaune, ko inda abin rigimar yake. In an gama da wannan, sai a tambayi dokar wace ƙasa za a auna maganar da ita, don kotu na iya zama a Kaduna ta duba dokar Nijar in can maganar ta fi jingina.

Na ce, "Alƙalin Nijeriya ya yi hukunci da dokar Faransa? Ashe an sayar da ƙasar ba mu ji ba."

Ta ce, "Baba, in Bagwari da Bafulatani suka kawo maka gardamar sadaki, da al'adar wa kake aunawa?"

Na ce da ta gidan da aka ɗauko yarinyar mana.

Ta ce, "To, kai ma ka daɗe kana yi." Sannan ta ce saura ta ƙarshe, wadda ta kayar da ni: hukuncin da aka yanke a wata ƙasa ba ya cin kowa a wata sai kotun can ta karɓe shi, kuma takan duba ko kotun farko na da hurumi, ko an kira wanda ake ƙara, ko ba a yi rufa-rufa ba. Ta ce tawa takardar ta faɗi a duka ukun.

Saboda haka, ɗana, Alhajin da zai ɗauke ka aiki, in ya kawo takardar yarjejeniya, kada kunya ta sa ka sa hannu a kan abin da ba ka ji ba. Da Faransanci za ta zo. Ka nemi wanda ba yaronsa ba ya karanta maka. Ka tambaya tun ana dariya: in mun saɓa, a ina za a saurare mu, da dokar wace ƙasa? Ladi ta ce masu ciniki suna da ikon zaɓa tun farko, a rubuta a ciki. In ba ku zaɓa ba, ranar rigima wasu za su zaɓa muku. Kuma in aka kira ka kotu a can, ka je. Kada ka ce kai ɗan Nijeriya ne ba ruwanka. Wanda ya ƙi zuwa, a bayansa ake yankewa.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi. Malam ya ce in sha ruwa tukuna. Na sha.

Da na fito daga kotun Maraɗi ban nufo gida ba. Na koma Rijiyar Bawa ranar kasuwa, na laɓe wajen masu dabino. Yarinyar ta zo da tallan gyaɗa, lokacin tana famfara, haƙoran gaba babu. Na saye gyaɗar duka, na ba ta dabino, na ce ta zo in nuna mata mota. Ta san fuskata sama-sama, don mutanen garin sukan nuna mata ni in na wuce. Ta biyo ni. Na sa ta a motar Jibiya, na zauna kusa da ita, ina ce wa raina ai 'yata ce, ga kuma takarda.

Da mota ta bar gari yarinyar ta fara kuka tana kiran Iya, kakarta ke nan. Matan da ke motar suka fara kallona. A shingen Ɗan Isa jandarmomi suka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo, ya ga yarinya na shessheƙa. Na zaro takarda. Bai ko kalle ta ba. Ya durƙusa daidai tsawonta ya ce, "Ke, wane ne wannan?"

Ta dube ni, ta goge hanci da bayan hannu, ta ce, "Mai zuma ne."

Nasiru, an zage ni a duniya, an kore ni daga gona, mutanen daji sun ƙone mini rumbu ina kallo. Babu wanda ya kai wannan. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Abin da na bari ta sani ke nan.

Aka mai da ni Maraɗi gaban siririn alƙalin nan. A dokarsu abin da na yi satar yaro ne, ko da ni na haife ta, don ba a hannuna hukuma ta san ta ba. Gidan kaso ya kamata in tafi. Surukata, tsohuwar da na ce ban san ko tana da rai ba, ita ta tashi daga inda take zaune, ta ja mayafi ta rufe fuska don kunyata, ta ce, "Ranka ya daɗe, uban yarinya ne. Kada a ɗaure shi. Gobe in ta girma a ce ubanta ɗan kaso ne, ita aka ɗaure."

Alƙalin ya yi shawara da malamansa, ya yanke. Yarinya ta zauna wurin kakarta. Ni kuma duk ran da na so ganinta in zo zauren mai garin Rijiyar Bawa, a kawo mini ita a gaban mutane, in zauna da ita iya son raina. In riƙa kawo abinci da sutura daidai ƙarfina. Ran aurenta a aiko mini, don ni ne waliyyi. Ya tambaye ni ko na karɓa.

Na ce, "Ba zan nemi izinin Faransa in ga abin da na haifa ba."

Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Ƙofa dai ba mu rufe ba." Na fita. Ban sake taka ƙasar ba, na bar fataucin can ɗungum. Da aurenta ya tashi sun cika alkawari, sun aiko mutum har ƙofar gidan nan. A gaban jama'a na ce masa ba ni da 'ya a Faransa. Ma'azu ne ya ba da ita.

Ka ji ni da kyau. Daga ran da ka tsallaka Jibiya, dokar ƙasar da ƙafarka ke kai ita ke kanka, ko ka san ta ko ba ka sani ba. Kada ka ɗauki abu da hannunka ka nufi iyaka don kana ganin naka ne, ko inji ne, ko babur, balle mutum. In kuma Allah Ya haɗa ka da mata a can, ban hana ba, matan kirki ne, ni ne shaida. A ɗaura yadda suke ɗaurawa, a kai wa hukumarsu ta rubuta, kuma ku yi maganar inda 'ya'ya za su tashi tun ana ɗasawa. In hukunci ya zo maka da rabin abin da kake so, karɓi rabin. Ni na ƙi rabi, na tashi da babu.

Akwai wata ɓarnar da na yi a cikin gidan nan, kuma ita ce ke neman cin yayarka yanzu. Da na auri mahaifiyarku aka haifi Shehu, sai na ɗauki kunyar ɗan fari na ɗora masa. Ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce Babba. Ba na wasa da shi a gaban mutane, in ya shigo zaure in kau da kai. Kowa ya ce Audu mai kunya ne, ya riƙe al'ada. Ba al'ada na riƙe ba. Shaida nake kafawa kullum, ba tare da na buɗe baki ba, cewa babu wata kafin shi. Har ku da kuka taso a gidan haka kuka gani.

Da daminar bara da ciwo ya kwantar da ni, ina ɗaki na ji yayyenka a tsakar gida suna maganar gonar Kakangi, sun ɗauka barci nake. Wani ya ce to ita ta Maraɗin fa? Shehu ya ce, "Wace ta Maraɗi? Auren da ba takarda, a wata ƙasa, shaidu duk sun mutu? Shi da bakinsa ya ce ba shi da ita. Kuma garin nan kowa ya san wanda Baba ke jin kunya." Ban ga laifinsa ba. Karatun da na biya masa ya mayar.

Wannan ne ya kai ni wurin Ladi. Ta ce auren da ya ɗauru daidai a inda aka ɗaura shi, a nan ma aure ne, ba sai an sake ba. Ta ce 'yar da aka haifa cikinsa 'yata ce, fushi ba ya goge ta, kuma 'yar ɗan Nijeriya ce ko a ina aka yanke cibiyarta. Gonar Kakangi kuwa a nan take, dokar nan ke kanta, kuma a shari'armu tana da rabonta kamar kowace 'ya. Abin da ya kore ni daga bakin tafki shi ne ya tsaya mata a nan. Sai dai ta ce, "Baba, alƙali ba ya raba wa wanda ba a gaya masa akwai shi ba. Ka gyara da bakinka tun kana da shi."

Kana wurin aiki ran Juma'ar da na gyara, na san an ba ka labari, amma ka ji daga gare ni. Bayan an sauko, na roƙi liman da mai unguwa da dattawa su biyo ni ƙofar gida. Aka shimfiɗa tabarmi. Na ɗaga murya na ce, "Shehu! Kawo wa baƙi ruwa."

Shehu ya fito ya tsaya da buta a hannu kamar an mare shi, mutum da furfura a gemu bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Liman ya ce, "Malam Audu, lafiya kuwa?"

Na ce, "Lafiya lau. Sunansa ke nan, ni na raɗa masa. Wadda ba na iya faɗar sunanta tana Maraɗi. Ku shaida, da aure aka haife ta, ita ce ta fari, kuma abin da na faɗa a nan wurin shekarun baya ƙarya na yi."

Mai unguwa ya ce sun shaida. Wani tsoho daga baya ya ce, "Yau Audu ya ce ya yi ƙarya, a duba ko rana ta fito daga yamma." Ba wanda ya yi dariya sosai. Shehu ya ajiye butar ya shige. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Shi ma na cuce shi, na ba shi girman da ba nasa ba na kuma karɓe a bainar jama'a. Kada ka yi masa gori, ko bayan raina.

To, nan na gyara abin da zan iya. Saura can, kuma can ba ni da baki sai naka. Wani mai kawo albasa ya tabbatar mini tana nan da rai, tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a bakin babbar kasuwa, mijinta tela ne, ana ce masa Malam Isuhu. Uwarta da kakarta sun riga mu gidan gaskiya. In ka huta ka san gari, ka nemi mijin tukuna, kada ka faɗa mata a kasuwa kamar yadda ubanka ya yi. Ka gaishe shi, ka faɗi ko kai wane ne, ka tambaye shi yadda ake shiga irin wannan magana a wurinsu, ka bi yadda ya ce. In ta yarda ta gan ka, ka durƙusa, yayarka ce. Kada ka fara da gona. Gonar da mu kanmu ba mu iya zuwa saboda mutanen daji, ciyawa ta fi mutum tsawo, wataƙila dariya za ta yi. Ka dai gaya mata an faɗi matsayinta a gaban liman da mai unguwa, rabonta na nan ko ta zo ko ba ta zo ba, ko ta yafe ko ba ta yafe ba.

Kada ka ce ta zo Birnin Gwari. Na taɓa ƙoƙarin kawo ta nan, ya isa. Ka ce mata hukuncin da aka yanke a Maraɗi, na karɓa. Ladi ta ce, "Baba, ai wannan hukunci ya daɗe da ƙarewa, matar da ta kusa jikoki." Na ce a wurinku ya ƙare. Ni ba a taɓa cika shi ba, don an tambaye ni na ƙi. In ta amince, ta sa rana. Zan hau mota da ƙafafun nan nawa masu kumburi, in je zauren mai garin Rijiyar Bawa, ko wane ne a kai yanzu, in nemi izini, in zauna inda aka nuna mini, in jira a gaban mutane. In ta shigo, alhamdu lillahi. In ta aiko a ce ba za ta fito ba, zan zauna har a yi la'asar in taso, kuma ba zan ce an zalunce ni ba.

Malam Bitrus na gaishe ka, ya ce hannunsa ya gaji, kuma ka riƙa kiran waya kada ka yi halin gidanku. Ka riƙe salla, ka riƙe amanar Alhajin, ka ci abin da suke ci. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin hukuma da sharrin zuciyarka. Ya kawo mana zaman lafiya a dajin nan. Ya sanyaya zuciyar yayarka, Ya ara mini kwana har amsarta ta iso, kowace iri ce.

Ni ne mahaifinka,
Audu Mai Zuma.